Abin da Fenti Ya Rufe

A Kano ta cikin ganuwa, a shekarun baya, rigimar gida takan tsaya ne a kan gado ko iyaka. 'Yan'uwa kan yi shari'a kan ɗaki ɗaya, maƙwabta kan ɓata saboda indararon wani yana zuba a katangar wani. Abin da ba kasafai ake ji ba shi ne mutum ya biya kuɗi, ya tare da iyalinsa, damina ɗaya ta wuce sannan ya gane ruɓaɓɓen gida ya saya. Ba wai mutanen lokacin duk waliyyai ba ne, macuci bai taɓa ƙarewa a kasuwa ba. Abu biyu ne suka tsare mai saye: ginin ƙasa ba ya iya ɓoye ciwonsa, unguwa kuma ba ta mantuwa.

Wanda zai sayi gida a Yakasai ko Koki ko Madabo ba ya zuwa shi kaɗai. Da magini yake tafiya, sau da yawa ma maginin da ya gaji aikin gidan daga ubansa. Shi kuwa magini gindin bango yake fara dubawa, inda ruwan lungu ke zaizaya, ya ga nawa aka ci daga kaurinsa. Sai ya shiga soro ya ɗaga kai, ya ƙwanƙwasa azara da sanda yana sauraro, domin azarar da gara ta rarake ba ta amsawa irin ta lafiyayyiya. Ya san azarar giginya ba ta ɗaukar tazarar da ta kai mita biyu ba tare da tallafi ba, don haka yana kallon ɗaki ya san ko wanda ya rufa shi ya yi ganganci. Daga nan ya hau sama. Idan ciyawa ta tsiro a kan rufi, an daɗe ba a yi yaɓe ba ke nan. Zai murza makubar da aka shafa ko lason da aka yi, ya ga da sauran ƙarfi ko ya zama gari, ya zura hannu a bakin indararo, ya duba ɗaurin guga ko ya fara buɗewa. A tsakar gida ya sa a ja ruwan rijiya ya ɗanɗana, ya tambayi shekarar da aka haƙa masai. Duk wannan a idon mai gida ake yi, kuma ba wanda ke ɗaukarsa cin fuska.

Abin da idon magini bai gani ba, bakin maƙwabta zai faɗa. Tsohon da ke zaune a dakalin ƙofar gida zai ce maka, "Ai ɗakin gabas ɗin nan ya taɓa zama, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, aka sake tayar da shi." Wato 1988 yake nufi. Mai unguwa da zai shaida cinikin ya san wanda ya gina gidan, da wanda ya mutu a ciki, da magajin da bai yarda a sayar ba. Tarihin gida a kan mutane yake, kyauta, ga duk mai tambaya.

Ba na cikin masu kukan a koma ginin ƙasa. Na san wahalar yaɓe duk shekara, na san fargabar da iyayenmu mata ke kwana da ita a watan Agusta idan ruwa ya wuni ya kwana, na kuma san gidajen da bango ya danne yara suna barci. Da siminti ya zo, rahama ce ta zo. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka a 1979. A tsakaninsu kuɗin mai ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, shekara ta gaba kuma ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas wata da watanni. Ma'aikaci ya fara mafarkin gidan bulo da rufin kwano, kuma mafarkin ya cika wa mutane da yawa. Garin ya tsallake ganuwa ya bazu, Kurna da Rijiyar Lemo, Ɗorayi da Ja'en, Sheka da Hotoro, daga baya Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Gaida. Gonaki suka zama fulotai, wasu da tsarin hukuma, mafi yawa awon igiya.

A nan ne abin da nake son faɗa ya faru, kuma a hankali ya faru har ba mu lura ba. Gida ya tashi daga abin da mutum ke gina wa kansa da jikokinsa ya zama haja. Aka samu masu sana'ar gina gida don sayarwa, waɗanda ba za su kwana a cikinsa ko dare ɗaya ba. Mai saye baƙo ne a unguwar, maƙwabtan su ma bara suka tare. Tsakanin mai sayarwa da mai saye sai dillali, wanda la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Kayan ginin kuma suka koyi rufa asiri: fulasta ta rufe bulo, fenti ya rufe fulasta, tayil ya rufe daɓe, silin ya rufe rufi, waya da famfo suka shige cikin bango. Tsohon mai shaida ya tafi, ba mu naɗa sabo ba. Mutumin da ba zai sayi tsohuwar mota ba sai ya je da makaniki ya shiga ƙarƙashinta, shi ne zai zagaya gidan miliyoyin naira cikin 'yan mintoci, ya yaba ƙofar ƙarfe da fitilun falo, ya ba da kafin alƙalami.

Duk wanda ya saba raka mutane duba gida zai gaya maka cewa ruwa ne babban mai laifi, kuma ta ƙasa yake fara zuwa kafin ta sama. Kano gari ne na kududdufai. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birnin, su ne kuma suke shanye ruwan damina. Da fili ya yi tsada sai aka bi su ana cikewa da shara da ɓaraguzai, a baje jar ƙasa a sama, a yanka fuloti. Gidan da aka kafa a irin wannan wuri yana iya yin shekara biyu ko uku ƙalau. Amma shara tana ruɓewa, cikon yana lotsawa, ruwan kuma bai manta hanyarsa ba. Abin da ya faru a kasuwar Kantin Kwari a watan Agustan 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, ya nuna wa kowa sakamakon gini a kan hanyar ruwa. Irin wannan yana faruwa a ƙananan gidaje duk shekara, sai dai ba ya shiga labarai. Akwai kuma gidajen da ba laifin mai ginin ba ne: an zo an yi titi da kwalbati, an ɗaga hanya, tsakar gida ta koma ƙasa da lungu, duk ruwan layin ya samu masauki.

Ko ba ambaliya, danshi yana hawa bango daga ƙasa. Bulo yana tsotsar ruwa, ruwan yana ɗauke da gishirin ƙasa, idan ya bushe sai ya bar farin gari mai tura fulasta da fenti waje. Shi ne magina ke cewa kanwa ta kama gini. Yakan tsaya wajen tsayin ƙugu, ya yi layi a jikin bango. Maganinsa tun a fandisho ake yi, a shimfiɗa leda mai kauri a zuba kankare kafin a ɗora bulo, kuma wannan na cikin abubuwan da mai ginin sayarwa ke fara tsallakewa saboda ba mai gani. Na taɓa raka wani ɗan'uwana, malamin makaranta da ya karɓi kuɗin sallamarsa, duba wani gida. Muka tafi da wani dattijon birkila. Gidan ya sha sabon fenti, an manna tayil a bangon waje daga ƙasa har zuwa ƙugu, ɗan'uwana yana ta yabawa. Dattijon ya tsuguna ya ƙwanƙwasa tayil ɗin da bayan makulli, ya ji ƙarar rami, ya shiga ciki ya janye labule ya shafa bango, ya nuna mana tafinsa fari fat.

"Malam, wannan tayil ɗin ba ado ba ne," in ji shi. "Kanwa aka rufe."

Dillali ya ce, "Haba Baba, ai yanzu haka ake yayi."

"Yayi ne a inda aka yi shi tun farko. Dubi simintin bakinsa, bai kai wata uku ba."

Ba a yi cinikin ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗan'uwana mutum ne mai ilimi, mai lura, amma ba shi da idon wannan aiki, kuma babu wani abu a tsarin cinikin da zai sa ya nemi mai idon.

Akwai wani nau'in ɓarnar ruwa da zamani biyu suka haɗu suka haifa, kuma ya cika tsohon birni. Mutum ya gaji da yaɓe, sai ya sa a yi wa bangon ƙasa fulastar siminti. Daga waje gidan ya koma kamar na bulo. Amma siminti da ƙasa ba sa kama juna, kuma siminti ba ya barin bango ya yi numfashi. Da zarar fulastar ta ɗan tsage ruwa zai shiga bayanta ya rasa mafita, tubali ya yi ta narkewa a ɓoye, ɓawon waje yana tsaye da fentinsa. Ranar da zai faɗi ba ya sallama. Da, zaizayar bango a fili take, yaro ma zai nuna maka. Yanzu wanda zai sayi gida a cikin gari dole ya fara da tambayar da kakansa bai taɓa buƙata ba: me ke cikin bangon nan?

Ta sama kuwa, yayin ɓoye rufi ya kawo nasa ciwon. Ana ɗaga bango ya zarce kwano don gida ya yi kyan gani daga titi, a yi magudanar kankare a bayan bangon. Ganye da leda da ƙurar hunturu su taru su toshe ta, ruwan farko ya cika ya koma cikin silin. Tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa a kusurwar silin alama ce, sabon fenti a kusurwa ɗaya kaɗai ma alama ce. Wanda ya leƙa cikin rufin da tocila zai ga ko an shafa wa katako maganin gara, ko an ɗaure shi da rodi a jikin gini ko an aza shi ne kawai, domin iskar farkon damina ba ta raga wa rufin da ba a ɗaure ba. Sai dai gidaje da yawa masu silin na zamani ba a bar musu ko 'yar ƙofar leƙawa ba. Idan bene ne ko dekin, a hau a ga inda ruwa ke kwanciya, a duba ƙarƙashinsa ko tsatsar rodi ta fara ɓullowa. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa kankaren da ya lulluɓe shi.

Sai tsaga. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, kuma mai duba na gari shi ne wanda ba ya firgita mutum a banza. Siraran tsagogi masu rassa a fuskar fulasta yawanci daga rashin ban-ruwa ne ko yin aiki a tsakar rana, gyaransu ba wuya. Wadda ake tsoro ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo hawa-hawa, mai faɗi a gefe ɗaya, wadda ake gani ciki da waje a wuri guda. Wannan tana cewa ƙasa ta motsa a ƙarƙashin fandisho. Ƙofar da ke jan ƙasa da tagar da ba ta rufuwa sai da duka suna ba da shaida iri ɗaya. A wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa, inda ake da baƙar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, wannan ciwo ya zama ruwan dare ko ga ginin da aka yi da gaskiya.

Amma yawancin abin da ke damunmu rowar siminti ce. Buhu kilo 50 ne. Magina na gari kan ce kada bulo mai inci 9 ya wuce talatin da 'yan kai a buhu ɗaya, amma akwai gidajen bulo da ke fitar da abin da ya zarce haka nesa ba kusa ba, har ka sa farce ka kankare shi. Kankaren da littafi ya ce a haɗa da awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, lebura ne ke haɗa shi da ido, mai gini yana tsaye yana ƙirga buhu. Ya kamata a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai kwana 28, amma sai a cire katako da wuri saboda ana jiransa a wani aikin. Rodin da aka saya da sunan milimita 12 idan aka auna bai kai ba. Da buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, na tabbata an yi gine-gine a lokacin da masu sayensu za su daɗe suna biyan bashin wannan tsada. Mafi muni shi ne a ɗora bene a kan fandishon da aka haƙa don gidan ƙasa-ƙasa.

Muna tuna manyan faɗuwa saboda sun ci rayuka da yawa: dogon benen Ikoyi mai hawa 21 a ranar 1 ga Nuwamban 2021, inda fiye da mutum arba'in suka rasu, benen da ake ginawa a titin Beirut a nan Kano a ƙarshen Agustan 2022, makarantar da ta rufta kan ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024 ta kashe sama da ashirin. Bayan kowanne akan kafa kwamiti. Amma hannun da ya rage siminti a waɗancan shi ne yake ragewa a ɗaki uku da falo na bayan gari, kuma can ba kwamitin da zai je.

Wayar wuta ba ta ɗaukar dogon bayani, ɗaukar rai take. Ka'ida ita ce waya mai kaurin 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, abin da ya fi haka ga na'urar sanyaya ɗaki da hita. Sai a ja wa gida duka siririya, wani lokaci ma ba tagulla ba ce zalla, a haɗa ta a cikin silin da salatif, ba a kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa ba. Sannan mai gida ya zo ya ƙara janareta da sola a kan wannan saƙar. Gobarar da muke ɗora wa hunturu, da yawanta a ranar wayarin aka kunna ta. A buɗe akwatin fis a gani, a cire soket ɗaya ko biyu a duba bayansu, a nemi baƙin tabo. A kuma tambayi mita da takardar biya ta ƙarshe, domin ma'aikatan da za su zo yanka wuta saboda bashi ba ruwansu da wanda ya sha.

Wanda ya fi damuna, don ba a ganinsa ko da tocila, shi ne zaman rijiya da sokawe. Masana lafiya kan ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin ramin bahaya da inda ake ɗiban ruwan sha, wato kusan ƙafa ɗari. Fulotin da yawancinmu ke iya saya ƙafa hamsin ne ta kowane gefe, wani ma rabin haka. Ko ka raba naka da naka, sokawen maƙwabci yana iya kasancewa bango ɗaya da rijiyarka. Iyali su yi ta jinyar taifot da gudawa, ana zargin abincin waje. Gwajin ruwa a ɗakin bincike ba shi da tsadar da za a kwatanta da kuɗin gida, amma ban cika jin mai saye ya yi shi ba. Shi kansa ramin sokawe abin dubawa ne, don akwai waɗanda aka gina da bulo mara ciko aka rufe da siririn kankare, a daidai inda yara ke wasa ko inda ake ajiye mota. Buɗe famfo a ga ƙarfin ruwa, da zuba bokiti a banɗaki a ga ina ruwan ya nufa, aikin minti biyar ne.

A fannin takarda, gaskiya mun waye fiye da da. Tun da aka yi dokar filaye ta 1978, wadda ta sa ƙasa a hannun gwamna ta kuma wajabta neman amincewarsa kafin a sauya mallaka, mutane suka koyi tambayar takardar shaidar mallaka. Yau ɗan kasuwa ya san ya je hukumar bayanan filaye ta KANGIS a bincika masa, ya san ya tambayi izinin gini na hukumar tsara birane ta KNUPDA, ya san gidan gado ba a sayensa sai magada sun sa hannu gaba ɗaya, kuma rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya ƙara wa kowa tsoron fili mai tarihi. Ana biyan lauya ba gardama. Abin mamakin shi ne takarda ta samu mai dubawa, ginin da takardar ke magana a kansa bai samu ba.

A Amurka duba gida sana'a ce mai zaman kanta, har masu yinta suka kafa ƙungiya tun 1976. Mai saye ne ke ɗaukar mai duba ya biya shi, ya yi awa biyu ko uku yana hawa rufi yana shiga ƙarƙashin gida, ya rubuta rahoto da hotuna, kuma akan sa sharaɗi a yarjejeniya cewa idan rahoton ya fito da babban aibi mai saye yana iya janyewa ko a sake ciniki. A Ingila ma akwai ƙwararrun masu yin irin wannan bincike kafin a kammala saye. Idan na kawo wannan zance wasu kan ce al'adar Turawa ce. Ni kuwa ina ganin mun riga su. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tsara hukuncin aibi a ciniki, kuma Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke aiki da ita har yau, ta kasa aibin gida kashi uku: ƙarami da ba ya rage daraja, wanda ba a komawa kansa, matsakaici, wanda ake rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, da babba, wanda ya kai sulusin ƙima, wanda ke ba shi damar mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani. Idan kuma aka yi jayayya kan ko aibin tsoho ne ko sabo, masana sana'ar alƙali ke kira su duba su faɗa. To me zai hana a kira masanin tun kafin kuɗi su fita, maimakon bayan an kai ga kotu? Ƙwararrun ma muna da su. Akwai hukumar rajistar injiniyoyi ta COREN, akwai ta magina, akwai kundin ka'idojin gini na ƙasa tun 2006, ga matasa da Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da kwalejojin fasaha ke yayewa duk shekara, da yawansu ba aikin yi.

Abin da ke hana mu, a ganina, kunya ce da gaggawa. Mutum yana jin nauyin ya ce wa dattijo mai gida zai hau cikin silin ɗinsa, kamar ya kira shi maƙaryaci. Dillali kuma ya san wannan, ya san kuma maganar da ke gigita mai saye: "Alhaji, wallahi akwai wanda zai kawo kuɗi gobe da safe." Sannan yawancin ciniki da rani ake yinsa, lokacin da kowane gida lafiyayye ne. Wanda ya iya haƙuri ya je ranar da aka kwana ana ruwa a Agusta zai ga abin da rahoton injiniya ma ba zai nuna masa ba.

Akwai kuma wani abu namu na gida da ba a cika faɗa ba. Idan da iyali a ciki, namiji baƙo ba ya sakewa. A yi sallama, mata su shige ɗaki ɗaya, a leƙa sauran a tsaitsaye a fito, kicin da banɗakin ciki ma wani lokaci ba a kai gare su. Alhali wadda ta fi kowa sanin gidan tana bayan labule. Ita ta san kusurwar da take tara roba idan hadari ya taso, da soket ɗin da ta hana yara taɓawa, da watan da rijiya ke ƙafewa, da warin da ke tasowa bayan magariba. Ita ma wadda za ta gaje ta, matar mai saye, sau da yawa ba ta ganin gidan sai ranar tarewa, ga shi ita za ta wuni a ciki. Na ga inda aka tura uwargida da ƙanwar miji suka shiga gaisuwa, suka zauna da matan gidan da na maƙwabta, suka fito da labarin da ya sauya farashi. Ilimin da ke bakin tsohon dakali bai ɓace duka ba, wani sashensa yana wajen mata, kuma ba a tambayarsu.

Na taɓa faɗa wa wani dillali, mutumin kirki da na daɗe da sani, cewa ya kamata a riƙa rubuta sharaɗi a takardar kafin alƙalami: mai saye yana da mako guda ya kawo injiniya ko birkila da mai wayarin da falamba na kansa, ba waɗanda dillali ya nuna ba, idan an sami babban aibi a mayar masa da kuɗinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, idan aka fara haka, rabin gidajen da ke hannunmu ba za su sayu ba." Na yarda da gaskiyarsa, ban yarda da lissafinsa ba. Za su sayu, a kan kuɗinsu na gaskiya. Gida mai kanwa da rufi mai yoyo yana da mai so, muddin ya san abin da ya saya, aka rage masa abin da zai gyara. La'ada sau da yawa kashi 5 cikin 100 ce, kuɗin mai duba bai kai ko kusa da haka ba. Mai ginin gaskiya kuma, wanda ya sa ledarsa ya cika simintinsa, shi ne zai fi kowa cin riba, domin a yau gidansa da na maha'inci fenti ɗaya suke sha, farashi ɗaya ake yi musu. Wanda nake tunawa a duk wannan shi ne irin ɗan'uwan nan nawa, da gwauruwar da ta haɗa gadon marayu, da ɗan ci-ranin da ke Saudiyya ko Libiya wanda bidiyon WhatsApp kaɗai aka tura masa ya turo kuɗi. Attajiri idan ya sayi gida mai aibi rushewa zai yi ya sake. Su kuwa sau ɗaya suke saye, kuma ranar da suka biya ba abin da ya rage a hannunsu na gyara.